Ƙafafun Dutsi daga Ƙarƙashin Malfa

Sunana Mahamadu. A tashar Dogon Dutsi in ka ce Na-Kaltume mai amalanke, ko akuya ta san inda za ta kai ka. Ban taɓa zama bisa bencin lakwal ba, wato makarantar boko, allo ma iyakar abin salla na ɗauka na bar masu sauran. Wannan da kake karantawa bakina ne, hannun Fadila, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mani magana.

A Ɗan Kassari anka haife ni. Na ga manyan yunwa biyu da idona. Na haƙa gidan tururuwa na tsinci hatsi, na ja gawar shanunmu zuwa bayan gari har kafaɗata ta saɓule. Waɗanda munka yi wannan aiki tare yawancinsu suna ƙasa. Ni kuwa ga ni, haƙorana na gaba duka suna nan, buhun gero har yau ba na neman mai kama mani. Zamanin ƙuruciya ni ne bakin gayya a yankinmu. In an taru noman gonar wani, ni ke gaban makaɗa ina jefa wa samari waƙa, mai ƙwazo in ɗaga shi, rago in tsokale shi har ya yi aiki don haushi. Da ƙasa ta ƙi mu na shigo Dutsi da jaki, na aje waƙa na kama dako.

Abin da zan ba ka labari a bazarar bara ya faru. Al'adata ce in rana ta take, na sauke kayan safe, na sha furar da matata Kaltume ta dama mani, sai in ja amalanke gindin itacen dogon yaron da ke bakin gudro, wato titin kwalta, in miƙe bisa katako, in ɗora malfa a fuska, in jira motocin Ƙonni su iso da kaya. Duk yinin ba ni da lokacin da ya fi wannan daɗi. Sarki ma bai fi ni kwanciya ba.

Sai na fara ganin abin da ban gane ba. Wata mata da ban sani ba ta aje mani ƙullin ƙosai gefen amalanke ta wuce tana girgiza kai. Wani saurayi ya ga zan ɗaga buhu ya rugo ya ce, "Bari, Baba, huta." Na ture hannunshi. Mai shayin tasha da kullum muke zagin juna ya gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa kamar an yi mani rasuwa.

Mukhtar ne ya warware mani. Mukhtar ɗan kasuwa ne, yaro mai gemu da gajeren wando, ni ke kai mashi kaya shago. Na sauke mashi kwalayen sabulu, ya ce, "Baba, ka shiga duniya fa."

Na ce, "Na daɗe da shiga. Kai ne baƙo."

Ya fiddo salula ya kara mani a ido. Ga amalankena, ga jakina ya sunkuyar da kai, ga wani tsoho kwance da malfa a fuska, tafin ƙafarshi ya cika rabin hoton. A baya motoci sun wuce da gudu har sun zama kamar hayaƙi. Ya taɓa wani wuri, muryar wani yaro ta fito a hankali, kamar mai ta'aziyya:

Gudro na gudu, gari na gudu,
tsoho ɗaya ya kwanta.
Ƙafarsa ta tsage kamar tabki a bazara,
malfa ta rufe fuskar da aka manta.
Ina 'ya'yan da ya goya a wuya?
Jaki kaɗai ke gadinsa, shi ma bai huta.

Na ce ya sake sakawa. Ya sake. Gaskiya ɗaya ce, maganar tabkin nan ta zauna. Na duba ƙafata, haka take. Wanda ya taɓa ganin tabkin bayan gari in ya ƙafe ya san yaron bai yi ƙarya ba. Amma sauran, ni anka manta? Ni da ko limamin unguwa in ya hango ni shi ke fara sallama?

Na ce, "Wane ne mai wannan baki?"

Mukhtar ya ce wani mushe ne, haka muke kiran malamin boko, sunanshi Luƙman, baƙo daga Damagaram, shina koyarwa a wata lakwal ta cikin gari. Suna da fada, su da Fadila mai aiki gidan rediyo, ita ce shugabarsu. Duk mako sai ɗayansu ya ɗauki hoton wani abu na gari ya saka cikin salula, kowa ya yi waƙa a kai, ranar Asabar bayan la'asar su taru su karanta wa juna, a yaba, a kushe. Wannan dai ta fita daga hannunsu, ta bi salulolin mutane har inda ba a zata ba.

Inda ba a zata ba ɗin Yamai ne. Can babban yaron gidana yake, shina gyaran injunan wuta. Shi ne na fari, don haka sunanshi bai taɓa fita bakina ba, uwarshi ma haka. Kunya ce da munka gada, ba ƙiyayya ba. Fadila ta ce sai an rubuta sunan don mai karatu, na ce ta rubuta da hannunta, ba da bakina ba: Saminu. Ni yaron Yamai nake ce mashi.

Da magariba ya kira salular Kaltume ya ce a ba ni.

"Baba, na ga abin da ake yawo da shi."

"To, ka ga ƙafata. Lafiyarta lau."

"Abokan aikina sunka turo mani. Wani har ya tambaye ni ko ba tsohonka ba ne wannan. Na rasa inda zan sa kaina."

"Sa shi bisa wuyanka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba wannan Asabar ba, ta sama ina zuwa. Na yi wa Mukhtar magana ya nemo mai sayen jakin da amalanken. Ɗaki na nan na gyara maku kai da Inna. Aikin ya isa haka."

Na taɓa zuwa Yamai sau ɗaya. Gidanshi mai katanga ne da ƙofar ƙarfe, a zaunar da kai ƙarƙashin fanka, a kawo maka abinci, a kawo maka ruwa, kamar ragon da ake jira da shi Layya. Ba wanda ya san ka balle ya zage ka. Ranar da anka raba ni da jakina da gindin dogon yaron nan, a fara haƙa mani kabari kawai. Kuma na san yaron, halina ya ɗauko. In ya kafe, sai dai a sare.

Kaltume tana tankaɗe ta ce, "Da ka riƙa zuwa gida kana kwanciya kamar mutane, da wa ya gan ka?"

Na ce, "Ke ba ki san kasuwa ba."

"Na san kajina dai. In an kai mu can, wa zai bar ni in kiwata su cikin siminti?"

Kafin Asabar ta zo sai ga wani sabon abu. Mushen ya ji cewa tsohon hotonshi mutum ne mai gida da mata da 'ya'ya, tsoro ya kama shi, ya goge waƙar da hoton daga inda ya saka, ya aje wata magana a madadinsu. Mukhtar ya karanta mani: shina neman gafarar wannan dattijo, bai yi nufin ƙara mashi damuwa bisa wadda yake ciki ba.

Nan ne raina ya ɓaci na gaske. Waƙar ba ta ƙona ni kamar wannan ba. A wurin gayya, in ka jefi mutum da waƙa, ka tsaya ya rama. In ka janye ta kafin ya buɗe baki, ka ce wa duniya ke nan wannan bai kai a yi da shi ba, rauni gare shi, a tausaya mashi. Mata da yara ake janye wa waƙa, su ma ba duka ba.

Ranar Asabar na yi wanka, na sa rigata mai ruwan ƙasa, na tafi. Fadar a ƙofar wani gida take, tabarmi biyu da benci, da butar shayi bisa gawayi. Matasa ne, maza da mata, kowa da salula a hannu, rabin maganarsu Faransanci. Na yi sallama. Wani siririn yaro mai tabarau ya ɗago ya gan ni, sai ya miƙe tsaye har ya zubar da kofin shayi. Na san shi ne.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ka yafe mini. Na goge."

"Ka goge daga ina?"

"Daga salula."

"Daga kunnen mai shayin tasha fa? Daga Yamai fa? Magana zarar bunu ce, mushe. Maida ta inda take."

Ya dube ni, ya dubi wata mace mai ɗankwali shuɗi da ke zaune bisa benci. Ita ce Fadila. Ta ce, "Baba, so kake a maida waƙar da ta ɓata maka rai?"

"Wa ya ce maki ta ɓata mani rai? Yaron na da baki. Tabkin nan da ya kawo, ni da na yi shekaru ina waƙa ban taɓa kawo shi ba. Amma ya jefe ni ya ruga. Ya dawo ya tsaya, in rama."

Na bayyana masu yadda ake yi a gayya. Suna saurare, wata ma tana dannawa cikin salula. Luƙman ya maida waƙar. Sannan na gyara tsayuwa, na buɗe murya yadda ban buɗe ba tun ina da baƙin gashi:

Ni ne Na-Kaltume, ƙashin bayan Ɗan Kassari.
Yunwa ta zo da wuƙa, ta koma da kube.
Na ci ganye, na ci dusa, ban ci na roƙo ba.
Mai cewa na gaji, ga buhu nan, ya ɗaga mu gani.

Na yi ta jerowa har wani mai wucewa bisa moto, wato babur, ya tsaya. Da na gama sunka tafa. Na zauna ina jiran a ce mushe ya faɗi.

Fadila ta miƙo mani shayi ta ce, "Baba, murya kam Allah ya ba ka. Amma a nan ba mu ɓoye wa juna. Wannan kirari ne. Mun ji ka, mun ji Ɗan Kassari, ba mu ga Dutsi ba. Mu dokarmu, waƙa sai da hoto, kuma sai gari ya fito cikinta. Shi mushe ya nuna mana gudro da motoci da mutum. Kai me ka nuna mana?"

Na ce, "Ɗiyar nan, ubanki na cikin zani nake waƙa."

Ta ce, "Shi ya sa ba zan yi maka sassauci ba. Ko so kake in janye maka doka?"

Ka ji yarinya. Da sandata ta buge ni. Na shanye shayin na ce Asabar mai zuwa su tanadi kunne. A hanya ina tafe ina faɗa da ita cikin raina, amma na san in kirarin nan ne yaron Yamai zai ji, cewa zai yi Baba na nan da cika bakinshi, ya kama igiyar jakin ya miƙa wa mai saye. Ya saba jin irinshi tun shina yaro.

Kwana da kwanaki ina neman abin da zan nuna. Dutsen da ya ba garin suna kowa ya gan shi. Kasuwa kowa ya shiga. Ina kwance bisa amalanke da rana, malfa a fuska, ina ta juya abin, sai na lura da abin da nake kallo shekara da shekaru ban taɓa kiranshi kallo ba. Malfa ba ta rufe ido duka. Ta ƙarƙashin bakinta akwai wata 'yar tsaga, ta nan nake ganin gari, daga gwiwa zuwa ƙasa.

Na aika a kira mani mushe. Ya zo bayan an tashi lakwal, da farar riga da jaka.

Na ce, "Hau ka kwanta."

"A nan, Baba?"

"Da kana tsaye ka ɗauke ni. Yau kwance za ka ɗauka."

Ya hau ya miƙe, farar rigar ta sha ƙurar gero. Na ɗora mashi malfa. Mai shayi ya leƙo ya ce, "Na-Kaltume, ka samu magaji?" Na ce ya kula da butarshi. Na ce wa mushe ya sa salular daidai idonshi, kada ya ɗaga, ya ɗauki abin da ya gani. Ya daɗe a ƙarƙashin malfar, har na zaci barci ya sace shi.

Can ya ce, "Akwai iska a nan."

"Da ka zaci mutuwa nake yi?"

Ya tashi zaune ya nuna mani hotunan. Ƙafafu ne birjik, da tayoyi, da ƙafar akuya, da leda tana bin iska. Na zaɓi ɗaya. Shina kakkaɓe riga ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Baba, ranar da na ɗauke ka, babana na tuna. Yana can Damagaram, na daɗe ban je ba. Da na ce ina 'ya'yansa, ba da naka nake ba."

Na ce, "To ka jefi kanka, dutsen ya sauka gidana. In an yi hutu ka tafi ka gan shi. Kuma kada ka ɗauke shi hoto shina barci."

Ranar Asabar da hantsi yaron Yamai ya sauka. Ya gaida uwarshi, ya gaishe ni, ya ci tuwo, ya leƙa wurin jakin shina dubanshi kamar mai ƙiyasta nama. Ya ce mai sayen zai zo gobe da safe. Na ce to, amma yau da la'asar ya raka ni wani wuri. Kaltume ta ce mashi, "Bi shi dai. Kwanan nan ko cikin barci waƙa yake."

Fadar ta cika fiye da ranar farko, don labari ya zaga. Mukhtar ya rufe shago ya zo. Yaron Yamai ya zauna can ƙarshen benci ya harɗe hannu. Da anka nuna mashi Luƙman, kallo ɗaya ya yi mashi ya kau da kai. Fadila ta tura wa kowa hoton ƙafafun, kowa ya sunkuya bisa salularshi. Na ce masu ni ba na waƙa ni kaɗai kamar mai karatun wasiƙa, sai da amshi. Duk inda na tsaya su ce, inuwa take nema. Munka gwada sau biyu har bakinsu ya haɗu. Sannan na fara:

Mushe, ka ga ƙafata, kwanta ka ga ta gari.
Ga ta mai ƙosai, lalle ya koɗe, toka ta hau.
Inuwa take nema.
Ga ta ɗan kabu-kabu, ɗaya ƙasa, ɗaya bisa ƙarfe mai zafi.
Inuwa take nema.
Ga ta ma'aikaci, an kulle ta cikin baƙin takalmi tun safe.
Inuwa take nema.
Ga ta Mukhtar, wando ya gudu ya bar ta a fili.
Inuwa take nema.
Ga ta baƙo, ta sauka mota ba ta san gabas ba.
Inuwa take nema.
Ga tawa, ta tsage, ta taka fari, ta taka yunwa.

Sunka buɗe baki za su amsa, na ɗaga hannu na tsaida su, na ce: tawa ta samu.

An yi tafi, an yi dariya, sannan anka shiga abin da sunka saba. Mukhtar ya ce, "Baba, wandon nan sunna ce." Na ce ban ce ba sunna ba ce, na ce ƙafar na shan rana. Wata yarinya ta ce baitocin ba su ƙare da amo ɗaya ba, in an rubuta za su yi kamar zance. Na ce ganga ce ke ɗaure su, ta kawo ganga ta gani. Wani ya ce wurin ma'aikacin ya fi ko'ina, don shi ma yanzu haka yatsunshi kuka suke. Luƙman ya ce baƙon nan da bai san gabas ba ya gane shi, kuma ya karɓa. Fadila ta ce, "Yau mun ga Dutsi." Ban nuna na ji daɗi ba, amma na ji.

Sai ta juya ƙarshen benci ta ce, "Malam Saminu, a nan wanda ya zauna ya ji, sai ya ce wani abu. Baƙo ma bai tsira ba."

Ya warware hannunshi. Ya ce, "Ni ban san waƙa ba, injin na sani. Ta yi daɗi. Na kuma gane Baba ba wahala ta kwantar da shi ba. Amma mushe ya yi tambaya, an ji ta har wurin aikina. Ya ce ina 'ya'yansa. Baba ya ƙirga ƙafar kowa a garin nan, har ta wanda ya sauka mota jiya. Amsar wannan tambaya ban ji ta ba."



Ni na san na tsallake wurin, kuma da gangan. Mutumin kirki ba ya tsayawa gaban jama'a ya nuna ɗan farinshi ya ce ga nawa. Ubana har ya koma ga Allah bai taɓa dubana ido cikin ido ya yaba mani ba, kuma na san ya fi sona da kowa. Haka munka taso. Amma yaran yanzu a Yamai ba su san wannan ba, abin da salula ta faɗa masu shi ne gaskiya. Ni ina ta gyaran sunana, na yaron na can kwance cikin rana. Ba jakin ne ya dame shi ba.

Na dubi ƙafarshi. Takalmin soso ne, da ƙurar hanya, babban yatsan ya karkace irin nawa. Na ce a raina, abin da bakin uba ba ya faɗi, bakin gayya ya faɗa. Na kau da fuskata wajen gudro don kada mu haɗa ido, na ɗauko:

Ga wata ta sauka motar Yamai da ƙurar hanya.
Na san ta tun tana tatata, ban dai taɓa faɗi ba.
Mai tambaya ina 'ya'yana, ya sunkuya ya duba:
ta ɗana ce, ɗan farina, ba ta taɓa manta hanyar gida ba.
Inuwar Yamai tata ce, Allah ya ƙara mata.
Ta bar mani tawa.

Wannan ba a yi mashi amshi ba. Fadila kaɗai na ga tana riƙe da salula sama, ta ɗauke duka. Yaron ya sunkuyar da kai shina murza goshi. Da ya ɗago, Fadila ya yi wa magana, ba ni ba. Ya ce, "Wannan na ƙarshen, ki turo mani shi."

Ta ce, "Duka ko na ƙarshen?"

"Duka. A haɗa da ta mushe a gaba, don a san abin da ake amsawa."

Luƙman ya taso zai ba shi haƙuri, yaron Yamai ya ce mashi ya bari, an riga an biya.

Munka kamo hanyar gida, rana ta yi sanyi, 'yan kabu-kabu na ta yi mana ƙaho. Munka wuce masallaci. Sai wajen masu gyaran taya ya ce, "Siminti dai ka bar ɗauka."

"Siminti ne ke da kuɗi."

"Siminti da ƙarfen gini. Mukhtar ya gaya mani kai kaɗai kake lodawa. Ka ɗauki gero, ka ɗauki kwalaye. In na ji an ce an gan ka da buhun siminti a ka, ba zan yi sallama ba, da mai saye zan zo."

"Ƙarfen gini ban yarda ba."

"Baba."

"To, ƙarfen ma. Dama ya fara cin katakon amalanken."

Ya fiddo salula ya kira Mukhtar ya ce a gaya wa mutumin gobe kada ya wahalar da kanshi. Da munka shiga gida Kaltume tana watsa wa kaji dusa. Ta dubi fuskata, ta dubi tashi, ta ƙara wa kajin wani tafin.

Amsar tawa ba ta yi nisan da waƙar mushe ta yi ba. Tausayi ya fi saurin ƙafa. Har yanzu akan samu wata baiwar Allah ta aje mani ƙosai gefen amalanke, ni kuwa in cinye, don ƙosai bai yi mani laifi ba. Mai shayi ya koma zagina. Ranar Asabar in na sauke kayan la'asar nakan biya fadar, sun ware mani gefen benci. Makon nan hoton wata tsohuwar mota sunka saka, wadda ta mutu bayan tasha har kaji na ƙwai cikinta. Yaran duk kuka za su yi mata, na san su. Ni kuwa na san direbanta, na san abin da ya yi ta ɗauka a ciki, kuma na riga na haɗa baiti huɗu.